Maratayi

Ƙarfe shida da rabi a Sheffield, gari bai waye ba.
Na sauka daga tarago, yayyafi na bin wuyan rigata,
na gangara hawa biyu ƙarƙashin ƙasa
inda babu taga, babu rani, babu damina,
sai ƙanshin busasshiyar ciyawa da gurnanin na'urar iska.

Zomaye talatin da shida, farare tas.
An hana mu raɗa musu suna.
Duk da haka, na goma sha tara, mai tsagaggen kunne,
Maigari nake ce masa a zuci,
don sai ya gama tauna yake ɗaga kai ya dube ni.

Rabinsu allurar sitiroyid kaɗai aka yi musu.
Rabi an haɗa da maganin da ke kwantar da garkuwar jiki,
mai ce wa dakarun jini: ku ajiye makamai, baƙon nan namu ne.
Tambayar Dakta Ainsworth gajera ce:
in an gama su biyun, ƙashi zai fi saurin mutuwa,
ko ɗaya zai tare wa ɗaya hanya?
Ni nawa awo ne. Kilo uku da ɗigo biyu. Na rubuta.

Na san ƙwayoyin nan kafin in iya faɗin sunansu.
Suna kan firjin Barira a Burngreave,
cikin akwatin roba mai ɗaki bakwai.
Shekara huɗu ke nan da aka tsaga cikina
aka ɗauki ƙodar hagu aka dasa mata.
Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya,
amma jikinta ya ce bai san ni ba.
Sai da aka yi ta lallashinsa safe da yamma
kafin ya bar kyautata ta kwana.

Ƙoda ta zauna. Kwatangwalo ya biya kuɗin haya.
Likita ya nuna mana hoto da bakin biro:
kan ƙashin cinya, bai wuce ƙwallon goruba ba,
jini ya daina zuwa,
kamar unguwar da aka yanke wa famfo ba sanarwa.
Ƙashi ya mutu a cikin mai rai,
ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya zo gaisuwa.
Ita ke jan gawarsa zuwa tashar bas.
Matakala goma sha uku ne zuwa ɗakinta.
A zaune take hawa.

Kakarmu kan ce zomo ba ya fushi da makashinsa,
sai da maratayinsa.
Larabar mako na takwas ni zan ɗauko shi,
hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu,
kansa cikin gwiwar hannuna don kada ya ga hanya.
Wani ne zai yi allurar barcin da ba a tashi.
Wata ce za ta yanka ƙashin, siriri fiye da ɓawon albasa,
ta rina shi, ta sa a madubi,
ta ƙirga gurabun da rai ya bari fanko.
Sunansu zai fito a takarda.
Ni dai na ɗauko.

Jiya Barira ta ce, Sallau, yaya zomayenka?
Na ce suna nan.
Ta ce, naka ɗin nan, shi ma ya fara ɗingishi?
Na ce tun Litinin.
Ta daɗe tana juya cokali a shayin da ya huce,
sannan ta jawo sandarta ta nufi firji,
ta naɗe karas ɗaya a leda.

Doka ta hana shiga da abincin waje.
Ban faɗa mata ba.
Yana aljihun rigar ruwata, a bayan ƙofa,
ni kuma ina ciki, sanye da safar hannu,
ina jiran Maigari ya gama tauna.